Satar mutane a iyakar Maraɗi: Abin da littafin Shaihu Umar ya riga ya faɗa wa 'yan kasuwa

Duk wanda ke zama a babbar kasuwar Maraɗi ya san cewa a 'yan shekarun nan hirar rumfa ta canza. Da can in an gama gaisawa sai a shiga batun canjin naira da sefa, da farashin buhun gero ko na wake, da abin da jami'an duwan suka karɓa a Ɗan Isa. Yanzu kuwa kafin a kai ga wannan sai an tambayi hanya. Lafiya aka shigo daga Madarunfa? Me aka ji daga Gabi? An sako mutanen da aka ɗauka a wajen Gidan Runji? Mai zogalen da ta taso daga Jiratawa da asuba da mai kayan miyar da ta shigo daga Tibiri, kowace da irin labarin da ta ji a mota, kuma kusan duk labarin ɗaya ne: an shiga ƙauye da dare, an kore shanu, an tafi da mutane, ana jiran waya.

Wannan ne ya sa na koma na ɗauko wani ɗan ƙaramin littafi da na daɗe ban buɗe ba, wato Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya rubuta shi ne lokacin yana malamin makaranta a Bauci, domin gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. An buga shi a 1934. Daga baya marubucin ya zama Firayim Ministan Najeriya, har aka kashe shi a juyin mulkin watan Janairun 1966. Wanda bai karanta littafin ba mai yiwuwa ya ga fim ɗinsa wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976.

Ga waɗanda ba su san labarin ba, ga shi a gurguje. Shaihu Umar babban malami ne a wani gari da ake kira Rauta, sai wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Ya ce musu a Kagara aka haife shi, mahaifinsa ya rasu bai san shi ba, mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Sarki ya tura fadawansa hari ƙasar Gwari su kamo bayi. Da aka dawo, sai sauran fadawa suka sari Makau wurin Sarki cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, aka kore shi daga garin, ya koma Makarfi. Uwar Umar ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron hannun amana, sai wani mutum ya lallaɓe shi ya gudu da shi daji. A can kura ta cinye ɓarawon, yaron ya tsira. Bayan wasu wahalhalu ya faɗa hannun wani Balarabe falke mai suna Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa uwar da ta fita neman ɗanta, ita ma aka kama ta aka sayar, aka ƙetara hamada da ita. Sai bayan shekaru masu yawa suka haɗu a Tarabulus, tana ganinsa ba a daɗe ba ta cika.

A makaranta an koya mana cewa littafin yana nuna haƙuri da tawakkali da darajar ilimi, kuma haka ne. To amma wanda ya karanta shi a yau yana zaune a Maraɗi, wani abu dabam zai fara gani. Zai ga littafi ne a kan yadda mutum ke zama haja, da kuma irin mutanen da sai da hannunsu wannan ciniki yake yiwuwa.

Mu fara da harin ƙasar Gwari. Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan wuri shi ne yadda aka ba da labarinsa ba tare da wani tashin hankali ba. Babu wata gaba da aka ambata tsakanin Kagara da mutanen da aka je kamowa, babu laifin da suka yi. An shirya tafiyar kamar yadda fatake ke shirya ayari, an yi sallama da iyali, an je an tarar da mutane a bakin aikinsu an kwaso. Rigimar da ta biyo baya ma a kan lissafi ce: nawa aka kamo, nawa aka kawo gaban Sarki. Ba wanda ya tashi a fada ya tambayi halin da 'ya'yan waɗanda aka kamo suke ciki. Shi kansa Makau, wanda littafin ya nuna mana a matsayin mutumin kirki mai gaskiya, da shi aka je harin, kuma kirkin nasa bai wuce cewa bai ci amanar Sarki a rabon bayi ba. Yaƙi a cikin wannan littafi sana'a ce, kuma wanda ya fahimci haka ya fahimci abin da ke faruwa a dazuzzukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da kudancin jihar Maraɗi. Mutanen da ke shigowa kan babura ba gari suke so su ci su zauna su yi mulki ba. Kaya suke zuwa ɗauka, kuma a wurinsu saniya da matar mai saniyar duk kaya ne, bambancin kawai ita matar danginta ne za su saye ta.

A nan ya kamata mu mutanen wannan yanki mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ba daɗi. Maraɗi da Tibiri garuruwa ne da yaƙi ya haifa. Bayan jihadi ya kori sarakunan Katsina daga birninsu a wajejen 1807, zuriyarsu ta zo ta kafu a Maraɗi a zamanin Ɗan Kasawa. Gobirawa kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tibiri a ƙarƙashin Mayaƙi. Kakanninmu 'yan gudun hijira ne kafin su zama masu gari. Amma kuma tarihi ya tabbatar da cewa daga nan rundunoni suka riƙa fita, musamman a zamanin Ɗan Baskore, suna kai hari ƙasar Katsina har zuwa ƙasar Kano da Zazzau, suna dawowa da bayi, kamar yadda su ma na can suke zuwa su kwashi namu. Wannan kai-da-kawo ne ya tashi garuruwa da dama a yammacin Katsina, wurin ya koma daji. Dajin Rugu da ake jin sunansa a rediyo a matsayin maɓoyar ɓarayi yana cikin wannan yanki. Ke nan labarin Umar bai zo mana daga nesa ba, an yi irinsa a kan hanyoyin da motocinmu ke bi zuwa Jibiya.

Kuma abin bai yi nisa a baya ba kamar yadda ake zato. Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma a 1905. A Arewacin Najeriya sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a doka, wato shekara biyu bayan fitowar littafin, don haka Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi ne a tsakiyar mutanen da suka ga abin da idonsu. A nan Nijar sai a 2003 aka sa hukuncin bautar da mutum a kundin laifuffuka. A watan Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a kan jaka 240 na sefa, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya ta diyyar miliyan 10 saboda ta kasa kare ta. 'Yar kasuwa ta auna jaka 240 da jarin rumfarta ta gani.

Abu na biyu shi ne fadawan da suka sari Makau. In aka bi labarin a hankali za a ga duk masifar da ta faɗa wa Umar da uwarsa daga nan ta taso. Da ba a kori Makau ba, da uwar ba ta yi shirin ƙaura ba, da ba ta bar ɗanta a hannun wasu ba. Waɗanda suka rusa gidan abokan cin tuwon Makau ne, waɗanda suka san shigarsa da fitarsa, kuma ba abin da ya tsone musu ido sai kusancinsa da Sarki. Yau sunansu infoma. Kowa ya san ɓarawon da ya taso daga daji mai nisa bai san wanda ya sayar da bijimi ranar kasuwa ba, bai san gidan da ɗansu ya aiko da kuɗi daga Libiya ko Agadas ba, bai san ɗakin da Alhaji ke kwana ba. Da ɗan gari kan ci gari. Wannan ne ya sa tsoron da ake ciki yanzu ya fi na da muni ta wata fuska, domin ya shiga tsakanin mutum da maƙwabcinsa. Ɗan kasuwa ya yi ciniki mai kyau amma ba ya son yaron shagonsa ya san adadin. Mace ta ɗauki adashi tana ɓoyewa kamar ta yi sata. Akwai masu hali a ƙauyukan bakin iyaka da suka daina gyara gida ko sayen sabon babur don kada a ce suna da shi, wasu kuma sun tattara sun dawo cikin Maraɗi haya. Kasuwa kuwa da yarda take tafiya. Bashin da babban ɗan kasuwa ke ba mai kasa kaya, da saƙon kuɗin da ake ba direba ya kai Katsina ba takarda ba shaida, duk yarda ce. Ranar da ta ƙare, ko ba a harba bindiga ko ɗaya a cikin gari ba an riga an yi mana ɓarna.

Sai dai a nan akwai wani haɗari da littafin ya nuna wanda muke saurin mantawa. Makau ba shi da laifi, sara ce kawai aka yi masa, kuma Sarki ya hukunta shi a kan maganar mutanen da ke ƙinsa. Kalmar infoma ita ma ta zama makami. Wanda ke da tsohuwar rigimar gona da wani, ko kishin rumfa, yana iya jefa masa ita, kuma in ta fita ba ta dawowa. Haka nan yadda ake yi wa Fulani kuɗin goro, a ga mai tallar nono ko makiyayin da shi ma an kore masa garke a ce ai duk su ne. A Zamfara irin wannan hukunci na kan hanya da 'yan sa-kai suka riƙa yi a kasuwanni yana cikin abubuwan da suka hura wutar da har yau ba ta mutu ba. Mu da muke ganin abin da ya faru da maƙwabta ba mu da uzurin maimaita shi.

Yanzu mu zo kan kura, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Duk ɗan Bahaushe da kura aka tsorata shi yana yaro. Ita ce dodon dare, ita ce ake cewa za ta ɗauke yaron da ya ƙi shiga ɗaki. To sai ga shi a littafin nan ɗan Adam ne ya ɗauke yaron, da lallami da fara'a, kura kuwa ɓarawon ta ci ta bar yaron. Ban ɗauka marubucin ya yi haka a banza ba. Ya juya tatsuniyar da muka saba ji ne, ya nuna cewa abin da aka koya mana tsoro da abin da ya kamata mu ji tsoro ba su zama ɗaya ba. Mu ma yau idonmu na kan daji, muna kiran su ɓarayin daji kamar wasu namun jeji da suka tsiro daga ƙasa. Alhali babur ɗin da suke hawa a gari aka saye shi, man da ke cikinsa a jarka aka kai musu, burodi da shinkafa da katin waya da ƙwayar tiramol duk daga kasuwa suke fita, shanun da suka kora kuma ba a daji ake cinye su ba, kara ake kai su. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wannan ya kawo mu ga Abdulkarim, kuma a nan ne nake ganin littafin ya yi wa mai saye sassauci fiye da kima. An nuna shi mutum ne mai tausayi da addini, ya riƙe Umar da amana, ya ba shi ilimin da ya ɗaukaka shi. Duk an ji. Amma me ya kawo shi ƙasar Hausa? Fatauci, kuma bayi na cikin hajarsa. Ba shi ya kai hari ba, bai ɗaure kowa a daji ba, hannunsa ba jini. Shi dai ya zo da kuɗi ya tarar da kaya ya saya. Amma saboda akwai irinsa a ƙarshen hanya shi ya sa ake hawa doki a tafi ƙasar Gwari. Alherin da ya yi wa yaro ɗaya bai mayar da sauran da ya ƙetara hamada da su gidajensu ba. Ina roƙon 'yan uwana dillalai da mahauta da masu lodin dabbobi su dubi wannan mutum da kyau, domin ya fi kama da mu fiye da ɓarawon da kura ta ci. In an kawo maka saniyar da ta kai jaka 300 an ce ka ba da 150, wanda ya kawo ta ba ka san shi ba, ba ya son a daɗe ana ciniki, ba ya son a kira shaida, ai ka san abin da ka saya. Za ka iya yin sadaka da ribar, ka je Hajji da ita, mutane su ce Alhaji mutumin kirki ne. Haka aka ce da Abdulkarim.

Ba ina cewa duk wanda kayansa suka isa daji da son ransa ba ne. Akwai mai shagon ƙauye da aka ɗora wa bindiga aka ce ya kawo, akwai wanda ɗansa ke hannunsu aka ce ya haɗa da babur da buhun shinkafa a kan kuɗin fansa. Waɗannan abin tausayi ne, kuma duk wanda bai taɓa jin muryar nasa a waya yana kuka ba kada ya yi saurin yanke musu hukunci. Maganata a kan wanda ba a tilasta ba ce, wanda araha kawai ta ja shi.

Hukumomi sun gane cewa kasuwa ce jijiyar abin, sai dai maganin da suka fi saurin kawowa yakan faɗa kan marar laifi. A watan Satumban 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya. Katsina ita ma ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Jibiya da ke bakinmu. An ɗan matsa wa ɓarayin, amma mai ƙosai da mai kayan miya da ɗan dako su suka fi jin jiki, daga baya dole aka sassauta. Mu ma mun ɗanɗana rufe iyaka sau biyu, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 lokacin da Najeriya ta rufe nata, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A duka biyun ɗan kasuwa mai bin hanyar hukuma ne ya tsaya, mai bin daji bai tsaya ba. A ganina abin da ya fi rufe kasuwa amfani shi ne a tsare ƙofarta daga ciki: sarkin kara da shugabannin dillalai su tsaya a kan cewa ba a sayen dabba sai an san mai ita da wanda ya tsaya masa, masu sayar da mai su san wanda ke ɗaukar jarka goma da inda yake kai su, wanda aka kama kuma a miƙa shi ga jandarma da alƙali maimakon a yanke masa hukunci a tsakar kasuwa. Wannan tsari ba baƙo ba ne, shi ne asalin aikin dillali tun kafin zuwan Nasara, la'adar da yake karɓa ta shaida ce.

Na bar maganar uwar Umar a ƙarshe domin ta iyayenmu mata ce. A duk littafin ita ce ba ta ɗauki makami ba, ba ta sari kowa ba, ba ta sayi kowa ba, kuma ita ce ta rasa komai. Ta rasa miji, ta rasa ɗa, ta rasa 'yancinta a kan hanyar neman ɗan, ta ƙare rayuwarta baiwa a ƙasar da ba ta san kowa ba. Umar ya samu ilimi da suna da almajirai, ita kuwa ganinsa sau ɗaya ta samu. Wanda ya je ƙauyukan da aka tsugunar da 'yan gudun hijira a jihar nan, irin su Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau, zai ga irinta da yawa. Tun daga 2019 suke shigowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma a watan Maris na 2021 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 'yan Najeriya da suka fake a jihar Maraɗi sun kai dubu 77, mafi yawansu mata da yara. Haka a gidajen da aka ɗauki mutum, in an tashi haɗa kuɗin fansa akuyar mace da 'yan kunnenta da kwanonin jerenta su ake fara fitarwa kasuwa, kuma a rumfunanmu ake sayensu.

Akwai wani abu da ya faru wanda ya sa duk wanda ya san littafin ya yi shiru. A ranar 17 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a wani gari na Jihar Neja ta Najeriya, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da ɗalibai 27 tare da wasu malamai da iyalansu. Sun shafe kwana goma a daji kafin a sako su. Sunan garin Kagara.